Takardun Agogon Injiniya

Shafi na 19

Masu cika min waya da faɗa don na bar Auta a bayan kanta, na ji ku, kuma ban ga laifinku ba. Ni kaina da nake rubutawa raina a ɓace yake. Wanda ke cin abinci ya ajiye cokali tukuna.

* * *

"Ki duba da kyau, Hajiya. Kar ki yi gaggawa."

Mai Agogo ya shimfiɗa baƙin ƙyalle a kan gilashin kanta, ya kwantar da agogon a hankali, sannan ya karkato da fitilar tebur.

Maman Biyu ba ta buƙatar fitila. Tun kafin ta zauna ta gane shi. Shuɗiyar fuska, sarƙar farin ƙarfe, da ɗan ƙarcen nan na gefe inda mijinta Injiniya ya taɓa goga shi a ƙofar mota, ya wuni ba ya kula kowa a gidan.

Ɗaya ne daga cikin agoguna biyar da suka yi ɓatan dabo daga sef, akwatin ƙarfen ajiya da ke ɗakin mijinta. A kansu ne ƙaninta Auta yake kwance a ofishin 'yan sanda, har yau da rigar da aka kama shi da ita.

"Nasa ne," ta ce.

"Kamanni suna da yawa a sana'ar nan. Lamba nake so mu gani. Kin zo da hotunan?"

Ta ciro wayarta.

Bara ta zauna ta yi aikin nan, lokacin da kamfanin inshora ya ce sai an kawo shaida. Injiniya yana son agogo kamar ransa, amma takardunsu a watse suke: wani rasit a aljihun kwat, wani kati a tsakiyar littafi, wani ma a ƙarƙashin kujerar mota ta tsinto shi. Ita ta tattara komai. Kowane agogo ta buɗe masa folda a ma'ajiyar intanet, ta saka hoton fuskarsa, hoton bayansa inda lamba take, katin garanti gaba da baya, rasit, da takardar duk gyaran da aka taɓa yi masa.

Auta ne ya riƙe mata fitila ranar, yana tsokanarta wai ko fasfo za ta yi musu su fita waje.

Riƙon fitilar nan shi ya ja masa. Ranar da aka wayi gari sef a buɗe, Injiniya bai yi dogon tunani ba. "Banda ni da ke, wa ya taɓa ganin cikin sef ɗin nan?" Kafin azahar an tisa ƙeyar Auta.

Ya ce mata ta bar komai a hannun hukuma. Ba ta bari ba. Ta kwafi lambobin biyar ta saka su a shafin da 'yan kasuwa ke duba agogunan sata, ta bar lambar wayarta, ba ta gaya wa kowa ba. Shi ya sa yau Mai Agogo ya kira ta.

Ya kifa agogon, ya maƙala ɗan madubinsa a ido, ya shiga karanto lamba ɗaya bayan ɗaya. Ita kuma tana bi da yatsa a kan hoton.

Har ƙarshe babu inda suka saɓa.

"Alhamdulillahi," ta ce, hawaye ya cika mata ido. "Auta yana tsare, agogo yana yawo a gari. Ka ga ba shi ba ne. Wa ya kawo maka?"

"Tsaya, Hajiya. Akwai abin da ya fi wannan ɗaure min kai."

Ya jawo durowa, ya ciro ɗan kati mai kauri ya ajiye kusa da agogon.

"Tun ina yaro nake kasuwar nan. Ban taɓa ganin ɓarawo ya zo da katin garanti ba. Wannan kuwa ya zo da kati, ya zo da rasit, har da takardar gyara."

"Na bogi ne."

"Ni ma haka na so ya zama. Buɗe hoton naki."

Ta buɗe. A kusurwar katin da ke hoton akwai rabin da'ira mai ruwan ƙasa, inda Injiniya ya taɓa ɗora kofin shayi. Ta kai idonta kan katin da ke gilashi.

Rabin da'irar yana nan.

Ta ajiye wayar a kan gilashi.

Takardun ba a gida suke ba. Ita da bakinta ta ce a raba su: agogo a gida, takardu a ofis, don ko gobara ko sata kar a rasa duka a tashi ɗaya. Suna cikin sef ɗin ofishin Injiniya, kuma duk duniya mutum ɗaya ne ya san lambar buɗe shi.

"Nuna min wanda ya kawo."

"Hajiya, ni ɗan kasuwa ne, ba na son—"

"Nuna min!"

Ya dube ta, ya dubi ƙofa, sannan ya juyo da allon kyamarar shagon ya mayar da shi baya.

Wani saurayi ya shigo cikin hoton, tabarau a saman goshi, yana kaɗa mukullin mota a yatsa. Ya jingina da kanta yana dariya kamar shagon ubansa.

Ba sai an tsayar mata da hoton ba.

Ɗan Lele ne. Ƙanin Injiniya, shalelen Hajiyarsu, wanda bai taɓa cika wata uku a wurin aiki ɗaya ba. Shi ne ya zo mata jaje bayan satar, ya zauna a falonta, ya cinye abincin da ta zuba masa, ya goge baki ya ce, "Anti, sai haƙuri. Yanzu na jikinka ma ba abin yarda ba ne."

"Kin san shi?"

"Na san shi."

"To saura ɗaya." Mai Agogo ya rage murya. "Da na ga lambar a jerin na sata, na gaya masa, na ce ya bar agogon zan bincika. Bai daɗe da fita ba wani ya bugo min, ya ce shi ne mai agogon, shi ya ba yaron ya sayar. Ya ce kar in damu da jerin nan, matarsa ce ta yi karambani, zai sa ta cire."

"Karambani."

"Haka ya ce. Ni kuma na ce bari in ji daga bakin mai karambanin."

"Lambar da ta kira ka."

Ya nuna mata. Lambar da ta haddace tun kafin aure ce.

Ba ta yi kuka ba. Hawayen ma da ya taru sai ya koma. Ta ɗaga waya ta ɗauki katin a kan gilashi, ta ɗauki agogon, ta ɗauki bidiyon allon daga shigowar Ɗan Lele har fitarsa, ta ɗauki lambar. Ta zuba su duka a foldar shuɗin agogo, ta tsaya har ta ga sun gama hawa.

"Kar ka ba kowa agogon nan."

"Ba zan iya riƙe shi har abada ba, Hajiya. Ko a cire lambar, ko in kira hukuma. Ba zan rasa lasisina a kan rigimar gidan wasu ba."

"Ba za ka rasa ba."

Ta ɗauki jakarta.

* * *

"Hajiya, sannu da zuwa, Yallaɓai yana ganawa da—"

Maman Biyu ta wuce sakatariyar kamar ba ta gan ta ba, ta tura ƙofa.

Injiniya yana tsaye a kan doguwar takardar zanen gini, fensir a bayan kunne, ma'aikatansa biyu sun sunkuya suna kallon inda yake nunawa. Duk suka ɗago.

"Ku ba mu wuri," ta ce.

Suka dubi maigidansu. Ya yi musu alama da kai, suka fice sum-sum.

"Lafiya? Wani abu ya sami yaran?"

"Yara lafiyarsu ƙalau. Buɗe sef."

"Wane sef?"

"Sef nawa gare ka a ofishin nan? Buɗe ka nuna min ambulan ɗin takardun agogo."

Ya cire fensir daga kunne ya ajiye.

"Na bar mukullin a gida."

"Na lamba ne, Baban Biyu. Tare muka je aka sayo shi."

"Wai me ke damunki? Ki faɗo min ofis a gaban ma'aikata kamar—"

Ta dangwarar da wayar a kan zanen, ta danna.

Ɗan Lele ya shigo yana kaɗa mukulli.

Ba allon take kallo ba, fuskar mijinta take kallo. Tana jira ya zabura. Tana jira ya ce inna lillahi, ya ce wane ne wannan, ya ce ƙarya ne. Har cikin ranta tana roƙon Allah ya sa ya zabura.

Bai zabura ba.

Ya taka a hankali ya je ya murza wa ƙofa mukulli, ya sauke labule.

"Rage murya," ya ce.

"Ban ma fara magana ba."

"Zauna mu yi ta hankali."

"Yaushe ka sani?"

"Ki zauna na ce."

"Yaushe ka sani!"

Ya shafa gemunsa. Ya kalli zanen gini kamar amsar tana ciki.

"Washegari."

"Washegarin me?"

"Washegarin da aka tafi da Auta. Ɗan Lele ya same ni a mota yana kuka, ya faɗa min komai. Ashe ya taɓa laɓewa ya ga ina danna lambar sef ɗin gida."

Maman Biyu ta dafa tebur.

Washegari. Ranar da ta durƙusa a gabansa a ɗaki, ta kama ƙafarsa, ta ce ta rantse da Allah Auta ko allura bai taɓa ɗauka ba. Ya zare ƙafarsa ya ce a bar doka ta yi aikinta.

"Ranar da na kama ƙafarka."

"Ki fahimce ni—"

"Ka sani ranar?"

Ya sunkuyar da kai.

"Kana kallona kullum ina zuba abinci a kula in kai masa, in dawo da shi bai ci ba. Kana kallona ina wanke rigar da ba a bari in ba shi. Ka ma taɓa ce min in rage gishiri, wai kuka yana sa ni cika hannu. Ka ce min haka, Baban Biyu! Kana sane!"

"Me kike so in yi? Kin san ciwon zuciyar Hajiyata. Likita da bakinsa ya ce kar a kai mata labarin da zai tayar mata da hankali. Ranar da aka sa wa Ɗan Lele ankwa, ranar za mu ɗauki gawarta."

"Shi Auta daga sama ya faɗo? Ba shi da uwa?"

"Ban ce haka ba."

"Naka jini ne, nawa ruwan famfo."

"Auta namiji ne, zai iya jurewa. Ɗan Lele ko kwana ɗaya ba zai—"

"Ka je ka gan shi?"

"Wa?"

"Namijin da zai iya jurewa. Ka taɓa zuwa ka gan shi? Leɓensa duk ya tsage. Ƙafarsa ta kumbura don a tsaye suke kwana. Jiya da na je bai tambaye ni abinci ba, bai tambaye ni lauya ba. Cewa ya yi, 'Yaya, har yanzu Baban Biyu yana zaton ni ne?' Abin da ke cin ransa ke nan. Kai! Kai da yake wanke wa mota ba ka sa shi ba!"

Injiniya ya juya baya.

"Takardun kuma fa?" ta ce. "Shi ma laɓewa ya yi ya ga lambar sef ɗin ofis?"

"Ni na ba shi."

"Ka ba ɓarawonka takardu."

"Kar ki ƙara kiran ƙanina ɓarawo."

"Me zan kira shi? Mai gadi?"

"Uku ya riga ya watsar wa 'yan bayan layi, a kuɗin da ko sarƙar ɗaya ba zai saya ba, saboda babu takarda. Irin mutanen nan su ne ke kai yaro ga halaka. Na ce sauran biyun, in ma sayarwar ce, ya shiga shagon mutunci da takardunsa a hannu. Kin san shekarun da na yi sunana yana layi kafin a ba ni shuɗin nan? In zuba ido a sayar da shi kamar gwanjo?"

Sai ta fashe da dariya. Dariyar da ita kanta ba ta san tana da irinta ba.

"Au! Ashe akwai abin da ya hana ka barci."

"Ba haka nake nufi ba."

"Ka tuna darajar agogo. Ka tashi tsaye, ka buɗe sef, ka nemo kati, ka haɗa da rasit, don kar agogo ya wulaƙanta. Allah sarki agogo, ya yi dacen uban gida."

"Ya isa!"

Ya buga tebur, fensir ya gangara ya faɗi ƙasa. A waje aka ji takun sakatariya ya tsaya, sannan ya yi nisa.

"Na riga na shirya komai," ya ce yana haki. "Da ba ki tsoma baki ba da tuni an wuce wurin. Zan je in janye ƙara, in ce na yafe. A sake shi ya dawo gida, magana ta mutu."

"Ka yafe."

"Eh."

"Ka yafe masa me?"

"Ke dai kalma ce ta hukuma."

"Wanda bai yi laifi ba ake yafewa? Takarda za ta nuna an kama shi da sata, mai kaya ya ji tausayinsa. Farkon wata zai fara aiki a filin jirgi, kuma ka san sai da takardar wanke kai daga 'yan sanda za su ba shi katin shiga. Shekara nawa yana neman aikin nan? Da wace fuska zai je?"

"Zan ba shi aiki a nan."

"A nan."

"Albashin ma ya fi na can."

"Ya riƙa zuwa da safe yana rusuna maka, yana godiya ka rufa masa asiri. Ɗan Lele ya shigo yana kaɗa mukulli, Auta ya miƙe ya ba shi kujera. Haka ka tsara?"

"Ke komai sai kin juya shi."

"Ni na juya? To inshora fa?"

Ya mayar da idonsa kan labule.

Ba ta ma shirya tambayar ba, fitowa kawai ta yi. Amma da ta ga yadda ya kawar da ido, sai ta gane amsar.

"Ka janye takardar neman diyya?"

"Wannan ba huruminki ba ne."

"Ba ka janye ba. Ƙaninka ya ci kuɗin agogo, kai ka ci na inshora, ƙanina ya ci sunan ɓarawo. Kowa ya samu rabonsa."

"Ki iya bakinki." Ya matso kusa, muryarsa ta yi ƙasa. "Kuma ki tuna wa ya tura musu hotunan nan. Daga imel ɗinki suka fita. Sunanki ne a kan foldar. In aka ce zamba, ba ni kaɗai za a kira ba."

"Barazana kake min?"

"Gaskiya nake faɗa miki."

"Yau kuma? Sannu da ƙoƙari."

Ya ja dogon numfashi, ya sassauta fuska, irin sassautawar da yake yi wa masu ba da kwangila.

"Maman Biyu. Abu biyu kawai nake so. Ki shiga shafin nan ki cire lambobin, ki ce kuskure ne. Sannan ki goge foldar gaba ɗaya, da abin da kika ɗauko yau. Shi ke nan. Mu koma gida mu ci gaba da zamanmu."

"Ai kana da hanyar shiga foldar. Me ya hana ka gogewa?"

Ya kalli wayar da ke kan tebur.

"Ka gwada ko?"

"Ta ƙi."

"Za ta ƙi. Damar kallo kawai na ba ka, tun ranar da ka goge min hotunan yara ka ce yatsanka ne ya zame. Yaushe ka gwada? Ina kicin? Ko ina hanyar kai abinci?"

"Ba ni kalmar sirrin."

"Ba zan bayar ba."

"Ni mijinki ne."

"Na sani. Shi ya sa abin yake min ciwo haka."

Ya kai hannu zai ɗauki wayar a kan tebur. Ta riga shi, ta ƙanƙame ta a ƙirji, ta ja da baya har ta bugi kabad ɗin fayil-fayil.

"Fasa ta in kana so. Taka ta da takalmi. Babu abin da ke cikinta da ba ya can sama. Katin yana can, fuskar ƙaninka tana can, lambarka da ka kira Mai Agogo tana can, kowanne da ranarsa da lokacinsa. Karambanin nawa ke nan."

"Ina za ki kai su?"

"Inda ka kai ƙanina."

"In kika taka ofishin 'yan sanda da wayar nan, kar ki dawo min gida."

Ta tsaya ta kalle shi sama da ƙasa. Mutumin da ta haifa wa 'yan biyu, wanda ta yi jinyarsa a asibiti har ta manta da kanta. Tana neman wani abu a fuskarsa da za ta riƙe, ba ta samu ba.

"Gidan da ake kwana da ni ana min dariya a ciki? Riƙe abinka. Buɗe min ƙofa."

Bai motsa ba.

"Buɗe min ƙofa, Injiniya, ko in yi ihun da duk benen nan zai taru."

Ya zaro mukullin daga ƙofar, ya juya shi a hannu. Sai ta ga fushin ya bar fuskarsa gaba ɗaya. Ya koma kujerarsa ya zauna, ya harɗe ƙafa. Wannan natsuwar ta fi bugun tebur ba ta tsoro.

"Je ki," ya ce, ya cilla mukullin kan zanen. "Amma kin makara."

"Ban gane ba."

"Auta ya sa hannu yau da safe."

"Hannu a me?"

"Ya amsa laifi. A rubuce. Ya ce shi ya buɗe sef, shi ya ba wasu su sayar."

"Ƙarya kake."

"Kira jami'in da ke riƙe da maganar."

"To dukansa suka yi! Ka biya an dake shi! Wallahi in aka taɓa—"

"Ko yatsa ba wanda ya ɗora masa. Da kansa ya nemi biro."

"Auta ba zai taɓa amsa abin da bai yi ba. Na san ƙanina. Ko wuƙa aka sa masa a wuya."

"Ba wuƙa aka sa masa ba. Roƙonsa aka yi."

"Wa ya isa?"

Injiniya ya ɗago ya dube ta ido cikin ido.

"Kin tambaye ni ko ba shi da uwa. Yana da ita. Jiya na je wurin Umma, na zauna a gabanta na faɗa mata komai, ban ɓoye ko ɗaya ba. Na ce mata in maganar nan ta fito, Hajiyata za ta mutu, ni zan shiga hannun hukuma, aurenki zai watse, jikokinta su tashi ana nuna su da yatsa. Na ce ta zaɓa."

"Kar ka sa uwata a bakinka."

"Da sassafe ta je ta same shi."

"Ƙarya ne! Umma da take kwana tana kai kukanta wurin Allah a kan yaron nan? Ƙarya kake!"

"Ga waya a hannunki."

Ta shiga neman lambar Umma. Sau biyu tana danna lambar da ba ita ba. Da ta samu, ta buɗe muryar wayar don ya ji da kunnensa yadda za a ƙaryata shi.

Wayar ta yi ta ƙara har ta kusa tsinkewa kafin a ɗauka.

"Umma."

Numfashi kawai take ji, irin na wanda ya daɗe yana kuka.

"Umma, ina ofishin Baban Biyu. Yana faɗa min wata magana. Ki ce masa ƙarya yake yi."

"Kin ci abinci kuwa yau?"

"Umma! Ki ce masa ƙarya ne!"

"Ki saurare ni, 'yar nan." Muryar ta dishe, amma ba ta rawa. "Namiji yana faɗuwa ya tashi. Ke in kika fito da yara biyu a hannu, ina za ki? Na rasa ubanku, ba zan zauna in ga—"

"Auta bai saci komai ba, Umma!"

"Na sani. Ni na haife shi."

"To don me?"

"Ni na ce ya sa hannu. Ya ƙi, na ce in bai sa ba ban yafe masa nonona ba."

Maman Biyu ta zame jikin kabad har ta kai ƙasa.

"Yanzu saura ke," Umma ta ce. "In har ni na haife ki, ki miƙa wa mijinki wayar nan, ki gaya masa abin da ake dannawa. Ina kan layi, ina ji."

Injiniya ya taso daga kujera, ya zagayo tebur, ya tsaya a kanta.

Ya miƙo tafin hannunsa.